Hukuncin Riƙe Tsohuwar Bindigar Soja da Aka Tarar Cikin Kayan Mamaci

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mazaunin Tudun Wada ne a nan Zariya. Bayan rasuwar mahaifinmu, da muka zo fito da kayan ɗakinsa don rabon gado, sai muka tarar da doguwar bindiga a bayan wani tsohon akwatin ƙarfe, an naɗe ta da bargo an ɗaure da igiya, ga harsasai cikin gwangwani. Dattawan gida sun ce ta kakanmu ce, wanda ya je Yaƙin Bama kuma ya ci gaba da aikin soja bayan ya dawo. Irin wadda ake kira mak-fo ce. A jikin ƙarfenta an buga No 4 Mk I da shekarar 1943, da wata 'yar alama mai kama da sawun kaza. Ba mu ga lasisi a takardun Baba ba. Ni dai ina so a yi mata kuɗi a sa ta cikin rabona saboda tarihin kakanmu, kuma ina ganin bidiyoyin Turawa suna tara irinta suna harbawa. Yayanmu ya ce a sayar, don har wani ya taya. Ƙanenmu ya ce a ajiye saboda gonarmu tana hanyar Giwa. Shin gado ce? Ya halatta in riƙe ta, in gwada ta a daji ko in harba sama ranar Sallah? Naman da aka harbo da ita ya halatta? In an sayar fa?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku da kakanku. Kun kyauta da kuka dakata kuka yi tambaya tun kafin wani ya ɗora yatsa a kan kunama.

Wannan bindiga ba ta cikin abin da za ku raba. Bai halatta ka riƙe ta ba, bai halatta ka harba ta ba, sayar da ita kuwa ya fi duka muni. Abin da ya hau kanku shi ne ku miƙa ta ga hukuma, ita da harsasanta.

Kada wani ya ji haka ya ɗauka Musulunci yana ƙyamar makami ko koyon harbi. Allah ya ce a Suratul Anfal, aya ta 60, a tanadi abin da aka iya na ƙarfi, kuma Uƙba bin Amir ya ji Annabi (SAW) a kan mumbari yana fassara ƙarfin nan da cewa harbi ne, har sau uku, kamar yadda Muslim ya ruwaito. A Buhari, Annabi (SAW) ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar harbin kibiya, ya ce musu su yi harbi domin ubansu Isma'ila maharbi ne. Saboda haka sha'awar da kake da ita ba abin kunya ba ce, kuma asalin mallakar makami halal ne. Sai dai fatawa tana sauka ne a kan abin da aka tambaya, kai kuwa ka tambaya ne game da wannan bindigar, a wannan gari, a wannan lokaci.

Sunanta na asali Lee-Enfield. Ingila ta fara ba sojojinta wannan jinsi a 1895, samfurin da ke hannunku kuma shi ne wanda ya yawaita a Yaƙin Duniya na Biyu. Tana cin harsashi goma mai faɗin .303, ana ja mata sakata da hannu bayan kowane harbi. Irinta ce kakanninmu suka rataya a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a dazukan Bama, kuma barikin Chindit da ke nan Zariya, inda Defo, wurin horar da kuratan soja, take, daga waccan fafatawa ya samo sunansa. Bayan soja sun canza makami, 'yan sandanmu sun daɗe suna yawo da ita. Ba a nan kaɗai ta yi tsawon rai ba: 'yan sandan Uttar Pradesh a Indiya sai a Janairun 2020 suka ajiye tasu.

Alamar nan da ka ce ta yi kama da sawun kaza, ita ce ta amsa tambayarka ta farko. Kan kibiya ne, hatimin da gwamnatin Ingila ke bugawa a kan kayanta don a san nata ne. Soja ba ya mallakar bindigarsa. Ana ba shi ita da lamba, ya sa hannu, ranar sallama ya mayar da ita ma'ajiya. Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, kayan rundunar suka koma hannun gwamnatin Najeriya. Ke nan zahirin lamari shi ne dukiyar baitulmali ce, gado kuwa ba ya gudana sai a kan abin da mamaci ya mallaka. Kayan aro da ajiya da duk haƙƙin wani ana fitar da su ne kafin a buga lissafin magada.

Shari'a ta tsananta a kan dukiyar jama'a. A hadisin Adiyyu bin Amira da ke Muslim, Annabi (SAW) ya ce wanda aka ɗora a kan wani aiki ya ɓoye ko da allura ce, to gululu ne, wato ha'inci a dukiyar jama'a, zai zo da shi ranar ƙiyama. Aya ta 161 a Ali Imrana ma haka ta faɗa. Game da magaji kuma, Shehu Halil ya yanke magana a Muhtasar, a babin ƙwace: magajin wanda ya riƙe abin da ba nasa ba, da wanda aka yi wa kyautarsa, in sun sani, hukuncinsu ɗaya da nasa. Jiya ba ku sani ba, babu laifi a kanku. Yau kun sani.

Wani zai ce ai kayan Nasara ne 'yan mulkin mallaka, cin su ba komai. A'a. Wanda ya karɓi abu a kan yarjejeniyar aiki amana ya karɓa, ba ganima ba. Mugira bin Shu'uba ya yi tafiya da wasu mushrikai kafin ya musulunta, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, ya zo Madina. Annabi (SAW) ya ce musuluncin ya karɓa, dukiyar kuwa babu ruwansa da ita, domin da yaudara aka same ta. Wannan yana cikin dogon hadisin Hudaibiyya a Buhari. Balle ma yanzu mai haƙƙin ba Ingila ba ce, al'ummar ƙasar nan ce. Wani kuma zai ce ta shekara da shekaru a gidanku babu wanda ya nema. Dogon riƙon da malamanmu na Malikiyya ke kafa hujja da shi yana da sharaɗi: mai abu yana nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da uzuri ba. Abin da aka naɗe a bargo aka tura bayan akwati, wa ya gan shi balle ya yi shiru?

Ban ce kakanku ya ci amana ba, kada ma zuciyarku ta raya muku haka. Makamai da yawa sun warwatsu a hannun mutane tsakanin 1966 da 1970, wani an ba shi ajiya mai ajiyar bai dawo ba, wani ya so mayarwa tsoro ya hana shi. Kyautata wa mamaci zato wajibi ne. In akwai wani nauyi a wuyansa, mayarwarku ta sauke masa, in babu kuma ba ku yi asarar komai ba.

Turawan da kake gani a bidiyo lamarinsu daban. Bayan yaƙi, gwamnatoci sun sayar da rarar waɗannan bindigogi a fili, 'yan kasuwa suka kai su Amurka da Kanada da sauran wurare. Ingila ma takan buga kibiya biyu suna fuskantar juna a kan wadda ta sayar, alamar ta fita daga hannunta. Mai abu ne ya sayar da abinsa, dokar ƙasarsu ta yarda, suna da filayen harbi masu tudun ƙasa a baya da maƙeran da ke auna bindiga kafin a harba. Musulmin da ke zaune a can ya sayi irinta bisa ƙa'idar wurin, ya je fili ya yi harbinsa, ban ga laifinsa ba.

To a ce ma taku tana da waccan alama ta biyu, an tabbatar kakanku saye ya yi. Har yanzu da sauran magana. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin su harba-ka-ruga, izininsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Akwai na farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar. Sai waɗanda aka haramta, da babu mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta ambaci bindigogin soja masu harsashin .303 da sunansu. Hukuncin wanda aka kama da irinta ba ya gaza ɗaurin shekara 10. Ko da Baba yana da lasisi, lasisin ba ya bin gado. Kwana 14 kacal doka ta ba magada su riƙe bayan rasuwar mai shi.

Shin wannan doka ta hau kan Musulmi ta fuskar addini? Ta hau. Allah ya yi umarni da biyayya ga majiɓinta lamari a Suratun Nisa'i, aya ta 59, hadisin Ibn Umar kuma ya iyakance abin da cewa sai in an yi umarni da saɓo. Hana mutum ajiye makamin yaƙi a ɗakin kwana ba saɓo ba ne. Malamai sun tabbatar cewa shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halal in maslahar jama'a ta nemi haka. Annabi (SAW) da kansa ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku a shekarar da mabuƙata suka kwararo Madina, da dalilin ya gushe ya sake. Masu cewa dokar ba daga littafin fiƙihu aka ciro ta ba, su dubi abin da yawaitar bindiga ya mayar da Birnin Gwari da Zamfara. Ko alƙalin Shari'a aka ba wa alƙalami, da toshe wannan kafa zai fara, toshe kafar ɓarna kuwa ginshiƙi ne a mazhabar Imam Malik.

Maganar ƙanenka ita ce mafi nauyi, ban kuma raina ta ba. Duk mai gona ta wajen Giwa ya san abin da ake ciki. Kare kai haƙƙi ne: a Muslim, wani ya tambayi Annabi (SAW) game da wanda ya zo ƙwace dukiyarsa, ya ce kada ya ba shi, in ya yaƙe shi ya yaƙe shi, in an kashe shi ya yi shahada. Amma halaccin kare kai lokacin da aka far maka bai zama izinin ɓoye makamin da ba naka ba. Lalurar da ke halatta haram ita ce wadda ta auku kuma babu wata mafita, ba wadda ake tsoron aukuwarta ba. Sannan ku auna da hankali. Bindigar da ta haura shekara 80, harsashin da babu tabbacin zai tashi, hannun da bai taɓa samun horo ba, a gaban mutane masu AK-47. Ga shi kuma labarin akwai bindiga a gidan wane ba ya ɓoyuwa. In ya isa kunnen ɓarayi sun samu dalilin zuwa, in ya isa kunnen jami'an tsaro sunan da za a kira ku da shi mai safarar makamai. Wanda ke son makami ya bi ƙofar lasisi. A Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, don haka sai a tuntuɓi hedikwatarsu a Kaduna a ji matsayin yau. Akwai kuma 'yan sintirin da gwamnatin jiha ta yi wa rajista, ga mai son ya ba da gudummawa a tsaron yankinsa.

Gwaji a daji kuwa, ko da babu doka zan hana ka. Tsofaffin harsasan soja na wancan zamani suna barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi, in ba a wanke da ruwa ba ya jawo laima ya ci ƙarfen daga ciki, waje yana sheƙi ciki ya rube. Ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba kuma, zanzaro yakan shiga bakin bindiga ya yi gininsa na laka. Harsashin da ke fita da gudun kusan mita 740 a daƙiƙa ɗaya, in ya tarar da hanya a toshe, bututun ne ke fashewa, fuskar mai harbi kuwa tana dab da wurin. Tsohon harsashi yana da wata muguwar ɗabi'a kuma: a ja kunama ya yi shiru, mutum ya sauke bindiga ya juyo da ita yana dubawa, sannan ya tashi. Allah ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka, a Baƙara aya ta 195, kuma a Muwaɗɗa an ruwaito cewa babu cuta babu cutarwa.

Harbi sama ranar Sallah ya fi wannan haɗari, domin wanda zai cutu bai ma san ana yi ba. Harsashin .303 yana tafiyar fiye da kilomita biyu, abin da ya hau sama kuma dole ya sauko. Wanda aka harba a Tudun Wada yana iya faɗawa tsakar gidan wani a cikin Birni, kwanon rufi ba ya tare shi. Buhari ya ƙulla babi a kan ƙin ɗaukar makami ranar Idi da cikin Harami, ya kawo labarin Abdullahi bin Umar, wanda tsinin mashi ya soke shi a tafin ƙafa a Mina har ƙafar ta manne da likkafa. Hajjaju bin Yusuf, mai iko da Hijaz a lokacin, ya zo dubiya yana cewa da ya san wanda ya yi wannan. Ibn Umar ya ce masa kai ne, domin kai ka sa aka ɗauki makami a ranar da ba a ɗaukarsa, ka shigar da shi inda ba a shigar da shi. Annabi (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya kama tsininsu da hannu. Ya hana miƙa takobi a zare. Ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, ya ce mala'iku suna tsine wa mai yi ko da shaƙiƙinsa ne ya nuna. In an faɗi haka a kan kibiya, wadda ake ganin inda ta nufa, ina ga abin da ba a gani?

Za a ce to 'yan bindigar Sarki fa a Hawan Sallah da Daushe? Su albarushi suke ɗurawa don ƙara da hayaƙi, ba harsashi ba, sanannun mutane ne masu shugaba, da sanin fada da hukuma suke fitowa. Irin nasu yana da madogara a wasan mashi da Habashawa suka yi a masallaci ranar Idi, Nana A'isha tana kallo. Naka bai shiga nan ba.

In kuwa harsashi ya sami wani, kalmar tsautsayi da muke saurin fakewa da ita ba ta ɗauke komai. Kisan kuskure yana da diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya a kan dangin mai kisan, da kaffara a kansa shi kaɗai, wato 'yanta bawa mumini, in bai samu ba azumin wata biyu a jere; aya ta 92 a Nisa'i ce ta wajabta diyyar da kaffarar, adadin diyyar kuma daga Sunna yake. Ga zunubin ganganci a kai, tunda an gargaɗe shi ya ƙi ji.

Game da nama, a raba abu biyu: halaccin abin da harsashi ya kashe, da halaccin amfani da wannan bindigar. Na farko malamai sun tattauna shi tun da albarushi ya bayyana. Asalinsa hadisin Adiyyu bin Hatim ne a kan sandar farauta mai tsini: abin da ta huda a ci, abin da ta buge da gefenta mushe ne. Saboda haka magabata suka hana cin abin da dunƙulen yumɓu ya kashe, don bugu yake yi ba huji ba. Da harsashin darma ya zo sai wasu suka haɗa shi da yumɓu, wasu suka ce ai ya fi kibiya huda da zubar da jini. Wannan na biyu shi ne abin da Shehu Abdulƙadir al-Fasi ya yi fatawa da shi, Dardir da Dasuƙi suka kawo shi a sharhin Muhtasar, kuma a kansa ake aiki. Sharuɗɗan su ne maharbi ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah lokacin harbi, dabbar ta zama ta daji wadda ba a iya kamawa, ya bi ta ba da jinkiri ba, in ya same ta da rai ya yanka. Akuyar gida ko saniya ba a halatta ta da harbi a mazhabarmu. Mai Risala ya ce farauta don wasa makaruhi ce, in ba don wasa ba halal ce, kuma Annabi (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Don haka in wani ya riga ya harbo gada da wannan bindigar ya cika sharuɗɗa, naman ya ci, shi kuma yana da zunubin amfani da abin da ba nasa ba, daidai da hukuncin wanda ya yi yanka da wuƙar ƙwace a wurin mafi yawan malamai.

Ka gaya wa yayanku ya janye maganar ciniki. Sayar da abin da ba ka mallaka ba ɓatacce ne tun daga tushe. Sannan mutumin da ke taya bindigar soja a ɓoye a wannan zamani, me zai yi da ita? Buhari ya kawo cewa Imrana bin Husaini ya ƙi a sayar da makami lokacin fitina, Allah kuma ya hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka a Ma'ida, aya ta 2. Ko shi mai tayin mutumin kirki ne, ba ku da iko da hannu na biyu da na uku. Kuɗin haram ne, in ya shiga rabo ya gurɓata wa kowa nasa, har marayu in akwai su. Kyauta da ita ma haka, jefa ta rijiya ko binne ta ma bai sauke nauyi ba, domin ba ku mayar wa mai ita ba, kuma wani yana iya tonowa.

Yadda za ku yi: ku ɗauka cewa a ɗure take. Kada kowa ya ja sakata ko ya leƙa bakinta, kada a goge ta, kada a ɗauki hoto a sa a waya. A kulle ɗakin, babba ɗaya ya riƙe makulli, a nesanta gwangwanin harsasan daga wuta da yara. Kada ku saka ta a but ɗin mota ku nufi caji ofis da kanku, domin in aka tare ku a shinge bayaninku ba zai yi amfani ba. Ku sami lauya, ku sanar da mai unguwa, a rubuta wa Difi'o takarda cewa an tarar da ita cikin kayan mamaci, su zo su ɗauka a gaban shaidu, ku karɓi shaidar karɓa mai ɗauke da lambar da ke jikin bindigar da adadin harsasan, ku adana kwafi. A cikin takardar kuna iya roƙon a duba yiwuwar kai ta gidan tarihi da sunan kakanku bayan an mayar da ita yadda ba za ta ƙara harbi ba, amma amincewa da hakan na hukuma ne. Kuɗin lauya a fitar da shi da yardar magada baligai, kada a taɓa rabon ƙananan yara. Sauran dukiya ku ci gaba da rabonta, ba sai kun jira wannan ya kammala ba.

Wallahu a'alam.